Tsatsa Kafin Fenti: Jawabi Kan Gyaran Tsofaffin A-Kori-Kura

 

Jama'a, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, sayen sabuwar mota ya fi ƙarfin yawancinmu, har ita tokumbo ɗin ma sai mai hali. Saboda haka muka koma kan tsofaffin a-kori-kuranmu masu kwaso mana albasa da tumatir daga Shasha da Bodija. Akasarinsu Fijo 404 ne da 504, sai tsohuwar Hilux nan da can. Ita Fijo tana da wani amfani guda: tun da aka buɗe kamfanin harhaɗa ta a Kaduna a 1975 makanikan ƙasar nan suka san cikinta, kayanta kuma in an nema a kasuwar Gate ta nan Badun ko Ladipo ta Ikko ba a cika rasawa ba.

To, inda muke asarar kuɗi shi ne wajen fenti. Mutum zai tara ɗan abin da ya tara, ya kai mota wurin mai feshi, bayan mako biyu ta fito tana walƙiya, kowa na ta yi masa barka. Damina ɗaya, sai ka ga fentin ya kumbura kamar ƙuraje. Dalili kuwa, nan ƙasar kurmi ce, ba Katsina ba. A gida iska a bushe take, mota kan daɗe ƙarfenta lafiya lau. A nan ruwa da laima ba sa barin ƙarfe ya huta, ga kuma ruwan tumatir da gishiri da fitsarin dabbobi suna kwana a bayan mota. Tsatsa daga ciki take cin ƙarfe, fenti kuwa rufa mata asiri kawai yake yi.

Don haka kuɗin farko na shasi ne. A ɗaga mota, a duba inda sifirin na baya ya kama, a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a duba gindin ƙofofi da mazaunin batir, inda ruwan batir kan zuba. Duk inda ƙusa ta shige in an danna, to wurin ya mutu, sai a yanke a yi walda da sabon ƙarfe. Kada mu yarda a cike rami da fila. Fila aikinta shafe 'yar lotsawa ne, siririya, amma wasu kan lafta ta kamar yaɓen ɗaki, wani ma har da tsumma a ciki. Ku riƙa zuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu, inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin. Bayan shasi sai birki da sitiyari da taya. Motar da ta ɗauko buhunan albasa ta gangaro tudun Mokola ba birki, launinta ba zai tsayar da ita ba.

In kuɗi ya rage, sannan a zo kan fenti. A kankare har ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, a bi da firama, a goge, kana a fesa. Motar kaya ba ta bukatar mai tsadar nan da ake bi da man ƙyalli a sama, na shafe ɗaya ya wadatar. Ƙarƙashin mota a shafa baƙin nan mai kama da kwalta, ban da baƙin man inji da wasu ke watsawa, domin yana cin roba. A bayanta kuma a shimfiɗa katako. Lokaci ma abin lura ne: da damina fenti kan dushe saboda laima, da tsakiyar hunturu ƙura na manne masa. An fi dacewa da ɗaukewar ruwa, a fesa a rufaffen wuri, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, yaron da ke feshin kuma a saya masa abin rufe hanci.

Ku bar launin da ke rubuce a takardun mota. Wanda ya mayar da fara shuɗiya bai gyara takarda ba, shi da 'yan sanda da ma'aikatan duba motoci ne a kowane shinge. Kayan aiki mu saya da hannunmu, ladan mai gyara kuma a kasa shi uku a gaban shaida, kason ƙarshe sai mota ta fito. Wanda kuma ya gyara don ya sayar, malamai suna nan zaune, sun san hukuncin ɓoye aibin kaya, a nuna wa mai saye duk inda aka yi walda.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce masu motoci su haɗa kuɗi a sayo fenti da firama a sari, a kuma tsayar da mai walda ɗaya ko biyu da aka yarda da aikinsu. Mai so ya ba magatakarda sunansa bayan an tashi.