Ranar da Talaka Ya Mallaki Hotonsa



Kafin shekarar 1839 duk wanda ke son a adana kamanninsa a ƙasashen Turai sai ya ɗauki mai zane ya biya shi kuɗi masu kauri, saboda haka fuskokin sarakuna da attajirai ne suka cika bangwaye. A wannan shekara aka bayyana dabarar Daguerre a Faransa, wato hoto a kan farantin jan ƙarfe mai rufin azurfa. Abin ya yi kyau, amma da tsada.

Hanya ta buɗe a 1851, sa'ad da wani Baturen Ingila, Frederick Scott Archer, ya bayyana dabarar shafa wani ruwa mai danƙo da ake kira kolodiyan a kan gilashi, a tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa, a ɗauki hoton tun bai bushe ba. Mai hoto ba shi da fiye da kamar minti 15 daga shafawa zuwa wankewa. Abin da ke fitowa dodon hoto ne, amma in aka sa baƙin fenti ko baƙin ƙyalle a bayan gilashin, sai ga mutum sak. Wannan shi ne ambrotaif, wanda James Cutting ya yi wa rajista a Amurka a 1854. Aibinsa ɗaya: gilashi ne, da ya faɗi shi ke nan.

Sai Hamilton Smith na jihar Ohio ya yi rajistar tintaif a 1856. Sunan yana nufin hoton kuza, alhali ko ƙwayar kuza babu a ciki. Fallen ƙarfe ne siriri mai baƙin fenti. Ba ya fashewa, ga araha, ana miƙa wa mutum kayansa nan take. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, masu hoto suka riƙa kafa tantuna a sansanonin soja. Yaron da bai san ko zai koma gida ba ya tsaya da bindigarsa a ɗauke shi, ya saka a ambulan zuwa ga mahaifiyarsa. Ku lura, hoton guda ne tak, domin babu dodon da za a sake wankewa. Abin da ke hannun tsohuwar nan shi ne ainihin ƙarfen da ya fuskanci ɗanta.

Irin wannan hoto a juye yake fitowa, kamar a madubi. Shi ya sa aka daɗe ana cewa ɗan fashin nan Billy the Kid bahago ne, har aka yi fim a kan haka a 1958, alhali madubin ne ya yaudari masu kallo. An sayar da hoton nasa a 2011 a kan dala miliyan 2.3.

A ganina wanda ya fi kowa fahimtar ƙimar wannan araha shi ne Frederick Douglass, wanda ya kuɓuce wa bauta a 1838. Masu zanen jaridun lokacin sukan mayar da baƙar fata abin dariya, amma na'ura ba ta iya ƙara wa mutum leɓe. Don haka ya zauna gaban masu hoto har aka sami hotunansa kusan 160, kusan kullum cikin kwat, fuska ba wasa.

Akwai kuma ambrotaif na Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro a ƙasar Sanagal ta yau, wanda aka sayar a Amurka a 1807. Ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831, ya kuma rasu yana bawa a Karolina ta Arewa. Hoton ya nuna dattijo a zaune, kansa a ɗaure, yana duban na'urar kai tsaye.