Hanta, Gudan Jini da Awa Ukun Mai Jego



Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin yankan ragon layya ya ga yadda jini ke kwarara kamar ruwa, amma kafin a gama fiɗa ya daskare ya zama guda. Wani zare mai suna fibirin ne ke saƙa kansa kamar raga ya kama shi. A jikin mai rai, wannan gudan toshiya ce ta ɗan lokaci. Da rauni ya warke dole a narkar da ita, in ba haka ba jijiya ta toshe.

To, a ina ake ƙera masu wannan aiki? Yawancinsu a cikin naman nan da muke fara gasawa ranar Sallah, wato hanta. Ita ke yin furotin ɗin da ake kira filasminojin, ta sake shi cikin jini yana yawo kamar wuƙa cikin kube. Mai zare wuƙar kuwa daga bangon jijiyoyin jini yake fitowa, likitoci na ce masa tPA. Shi ke mayar da filasminojin ya zama filasmin mai yanyanka zaren. Akwai ɗan'uwan tPA, yurokines, da ƙoda ke yi, a fitsari aka fara gano shi. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne, hantar da ta ƙera wuƙar ita ce kuma ke ƙera antifilasmin, mai riƙe ta kada ta wuce gona da iri. Wannan na cikin dalilan da suka sa wanda ciwon hanta ya cinye za ka ga dasashinsa na jini.

Yanzu mu shiga ɗakin haihuwa, domin nan zuciyata take. Cikin awa guda bayan mace ta sauka, tPA na ninkuwa a jininta. Idan mahaifa ba ta tsuke ba, gudan da zai toshe inda mabiyiya ta ɓalle sai ya riƙa narkewa tun bai yi ƙwari ba. Zane ya jiƙe, a sauya wani, mutanen gida na cewa ai jinin biƙi ne.

Akwai allura mai araha da ke hana wannan narkewa, tiranekzamik, wadda Utako Okamoto da mijinta suka samar a Japan a 1962. Wani babban bincike da aka buga a 2017, kan mata fiye da 20,000 a ƙasashe 21 har da Najeriya, ya nuna in an yi ta cikin awa uku da haihuwa tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan awa ukun, ba a ga amfaninta ba. A 2023 kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da abokan aikinta suka nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'aunin jini a ƙarƙashin mai jego, da haɗa magunguna a lokaci guda, na rage mummunan zubar jini da kashi 60 cikin 100.

Ku lissafa da ni. Mace ta haihu da dare a wani ƙauyen Baure, ko Zango, ko Mai'aduwa. Ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, ana neman mota, ana neman kuɗin mai. Kafin a iso Babban Asibitin Daura, awa nawa suka rage? Roƙona ga hukumomin lafiya na ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura shi ne a ajiye allurar da ledar a kowane asibitin sha-ka-tafi da ake karɓar haihuwa. Ku kuma magidanta, ku ba da izinin tun ciki na wata bakwai, ku ajiye lambar direba a wayar uwargida.