Kama da Wane Ba Ta Wane: Lacca Kan Sauya Ƙwayar ROM a Kwamfutocin Farko



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne yadda ake sauya ƙwayar ROM a kwamfutocin gida na farko. Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fayyace kalmomi biyu. ROM wata 'yar baƙar ƙwaya ce mai ƙafafun ƙarfe a jere, wadda aka dasa umurnin na'ura a cikinta tun daga masana'anta, ko an kashe wuta ba ya gogewa. Ita ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi da zarar an kunna ta. Faranti kuwa shi ne shimfiɗaɗɗen allon nan na cikin akwati inda ake kafa ƙwayoyin duka, siraran hanyoyin tagulla suna haɗa su.

A yau, in kamfani ya ga kuskure a umurninsa, gyara yakan iso ta intanet. A wancan zamani sai an buɗe akwati, an cire ƙwaya, an kafa wata. Wahalar ita ce, sau da yawa na'urori biyu masu suna ɗaya farantansu sun sha bamban.

Mu fara da PET 2001, wadda kamfanin Commodore na Amurka ya fitar a 1977. Umurninta na farko yana da aibu. Jerin lissafi in ya wuce gurbi 256 sai ya rikice, kuma ba ta iya aiki da na'urar faifai. A 1979 aka fitar da sababbin ƙwayoyi masu gyara. To, amma farantan farko ƙwaya mai lamba 6540 suke ɗauka, mai ƙafa 28, alhali waɗanda suka biyo baya 2316 suke ɗauka, mai ƙafa 24. Umurni ɗaya ne a ciki, amma wadda aka yi wa wannan faranti ba ta zama a wancan. Wanda ya aika a sayo masa ƙwayar PET kawai, bai faɗi irin farantinsa ba, ya yi cinikin biri a sama.

Commodore 64, wadda ta fito a 1982, ta fi nuna abin a sarari. Ƙwayar da ake kira KERNAL, watau mai kula da maɓallan rubutu da hoto da shige da fice, ta fito a siga uku. A siga ta biyu, in an share fuskar talabijin, launin haruffa yakan koma daidai da launin bango, har wasu shirye-shirye su yi rubutu ba a gani. Siga ta uku ta gyara wannan. Mai son sanin sigar da ke gabansa ba sai ya kwance ko kusa ɗaya ba: ya rubuta PRINT PEEK(65408), in ya ga 170 ta farko ce, 0 ta biyu, 3 ta uku.

Sanin siga rabin aiki ne, sauran rabin yana ga faranti. Dogayen faranta, irin masu lamba 326298 da 250407 da 250425, suna ɗauke da KERNAL ita kaɗai a ƙwaya mai kilobait 8 da ƙafa 24. Gajeren faranti mai lamba 250469, na 1987, ya haɗa KERNAL da harshen BASIC a ƙwaya guda mai kilobait 16 da ƙafa 28. Saboda haka wanda ya kafa ƙwayar da KERNAL kaɗai ke ciki a gajeren faranti ya bar na'urarsa ba BASIC. Wanda kuma ya rubuta sabon umurni a ƙwayar EPROM 2764, irin mai 'yar taga da ake gogewa da hasken fitila ta musamman, zai tarar ƙafafunta 28 ne, ba ta shiga gurbin dogon faranti sai da adafta. Akwati ma ba abin dogara ba ne, domin an sayar da sabon akwati mai tsohon faranti a ciki, an kuma sayar da tsohon fasalin akwati mai gajeren faranti.

Me ya kamata mai gyara ya yi? Da farko ya cire wuta, ya buɗe, ya karanta lambar da ke jikin farantin, ya ƙirga ƙafafun ƙwayar. Sa'an nan ya duba ko a soket take zaune ko kuwa an like ta da dalma, don wadda aka like, in aka fizge ta da gaggawa takan taho da hanyar tagulla. Ya lura da 'yar tsagar da ke goshin ƙwaya, gama in aka kafa ta a juye wuta za ta bi ta inda bai kamata ba, ta ƙone. Tsohuwar kuma ya adana ta. Kamfanin Commodore ya rushe tun 1994, waɗannan na'urori sai raguwa suke yi, kada garin neman gira a rasa ido.

'Yan'uwa, da yawa cikinmu ba za su taɓa riƙe PET a hannu ba. Amma gobe wasunmu ne za su zauna a ofisoshi suna sa hannu a takardar odar kayan gyaran injin ban ruwa, ko na'urar asibiti, ko janareto. Muna roƙon wanda ya sami kansa a wannan kujera, kada ya wadatu da sunan da ke jikin akwati. Ya tashi ya je inda injin yake, ya sa a buɗe masa, ya kwafi lambar da hannunsa kafin kuɗin jama'a su fita.