Ka sauya salansa, shin sai an taɓa kafireta?

A kasuwar Jibiya da ta Konni za ka ji babura na ruri kamar jirgi, matasa sun cire salansar kamfani sun ɗaura mai ƙara. To, ko akwai abin da ya kamata a gyara a wajen mai?

Idan salansarka ce ta ruɓe ka sa irinta sak, kada ka taɓa komai. Amma idan buɗaɗɗiya ka sa, ko aka fasa cikinta, hayaƙi zai riƙa fita da sauri, iska ta ƙaru, mai ya yi kaɗan a haɗin. Nan injin ke ɗaukar zafi. Kai kuma ga buhu biyu a baya, ga yashi, ga ranar azahar. Bawul na iya ƙonewa a tsakiyar daji, inda babu makanike sai shanu.

Ga gwaji mai sauƙi. Yi tafiya mai ɗan nisa, ka bari injin ya huce, ka kwance fulogi. Bakinsa ruwan ƙasa, lafiya lau. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Baƙi ƙirin, ya yi yawa. Idan kana jin tas-tas da ka saki totur, fara duba ko mahaɗar salansa na yoyon iska.

Wani makanike zai murɗa ɗan sukurun kafireta ya ce an gama. A'a, wannan na silo ne kawai. Gudu da jan kaya, jet ne da allura. Ka tsaya ya buɗe a gabanka.