Mil Nawa Ne Daga Kano Zuwa Jidda?

Yau za mu yi magana a kan nisan da ke tsakanin Kano da Jidda, inda alhazanmu ke sauka kafin su shiga Makka.

Da farko mu sani nisa iri biyu ne. Akwai nisan ƙasa, akwai na sama. Hanyar ƙasa tana kewaye dutse, tana neman gada ko mashigi, tana ratsa garuruwa. Jirgin sama kuwa ba ruwansa da wannan, miƙewa yake yi kamar tsuntsu. Ga misali. Hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano wajen mil 700 ce, amma ta sama mil 500 ne da 'yan kai.

To, daga Kano zuwa Jidda ta sama wajen mil 2,100 ne, watau kilomita 3,400. Bari mu yi lissafi tare. In mutum yana tafiya mil 15 kowace rana, ba hutu, ba ciwo, zai yi kwana 140. Wannan fa in hanyar a miƙe take, ga shi kuwa ba haka take ba.

Kakanninmu sukan bi ta Barno, su wuce Cadi, su shiga Sudan, har su kai Suwakin a bakin Bahar Maliya, sa'an nan su haye a jirgin ruwa. In guzuri ya ƙare sai su tsaya su yi ƙodago a gonakin auduga. Waɗansu sukan yi shekaru kafin su komo. Waɗansu suka zauna can, jikokinsu na Sudan har yau. Waɗansu kuma Allah ya yi musu cikawa a hanya.

Daga baya abubuwa suka sake. A 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. A 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda. Babban jirgin sama na yanzu yakan ci wajen mil 500 a sa'a guda. Ku raba 2,100 da 500. Kun ga sa'a huɗu ke nan da ɗan abu. In aka haɗa da tashi da sauka, wajen sa'a biyar. Wanda ya yi sallar asuba a Kano yana iya yin la'asar a Jidda.

Amma ku lura. Da, matafiyi yana bin madugu, ko bai san baƙi ba zai isa. Yanzu tafiyar duk ta takarda ce. Akwai fasfo, akwai tikiti, an rubuta ranar tashi da lokaci. Mutum ya sayar da shanunsa ya biya kujera, in bai iya karatu ba dole ya miƙa takardunsa ga wani. In ya gamu da macuci, shi ke nan, dukiyar shekaru ta tafi.

Saboda haka ranar aji mai zuwa kowa ya zo da zare. Za mu shimfiɗa taswira, mu ja zaren daga Kano zuwa Jidda, mu aza shi kan ma'aunin da ke gindin taswirar, kowa ya auna da hannunsa. Allah ya kai mu, ya kuma kira mu ɗakinsa. Amin.