Idan 'Yarki Ta Samu Aiki a Ofishin Ƙungiya

 

Yau hirarmu a kan wani irin aiki ne da 'ya'yanmu da ƙannenmu suke samu bayan sun gama makaranta. Muna cikin gida sai a zo a ce mana wance ta samu aiki a ofishin likitoci ko na lauyoyi, mu rangaɗa guɗa, muna zaton asibiti ne ko kotu. To, sau da yawa ba asibitin ba ne, ba kuma gwamnati ba ce, ƙungiya ce. Masu sana'a ɗaya ne suke haɗa kai su kafa ta don kare mutuncin sana'arsu da haƙƙinsu, ba don neman riba ba. Likitoci suna da NMA, mata 'yan jarida muna da NAWOJ, mata lauyoyi kuma suna da FIDA, wadda aka kafa a ƙasar Meksiko a 1944, reshenta na Nijeriya kuma Uwargida Aduke Alakija ce ta kafa shi a 1964.

Kowace ƙungiya tana da ofis, a ofis kuwa dole a samu mai buga takardu, da mai riƙe lissafin kuɗi, da masinja, wani lokaci har direba. Waɗannan ba 'yan ƙungiya ba ne, ma'aikatanta ne. Ɗan ƙungiya shi yake biyan kuɗi duk wata ko duk shekara, ma'aikaci kuma daga cikin wannan kuɗin ake ba shi albashi.

Uwargida, kin san adashi. In masu zubi suka yi nawa, mai kwasa sai ta jira, komai matsuwarta. Haka yake a ƙananan ƙungiyoyi. Wata baiwar Allah da ta daɗe tana aiki a ɗaya daga cikinsu, ba zan faɗi wace ba, ta ce min ita da kanta take bin mambobi a waya tana tuna musu kuɗin ƙungiya, tana yi tana jin nauyi, don ta san albashinta take roƙo a fakaice. Wasu ƙungiyoyin kuma tallafi suke samu daga waje na wani aiki mai wa'adi. Ran da wa'adin ya cika, kujerar wadda aka ɗauka dominsa tana iya tafiya tare da shi.

Sai maganar shugabanni. A nan zaɓe ake yi duk bayan 'yan shekaru, shugaba ya sauka, wani ya hau da nasa tsarin. Ma'aikaciya tana nan, ita ta san inda kowace takarda take, ita za ta nuna wa sabon shugaba hanya, kuma ba ta da ƙuri'a ko ɗaya. Lokacin zaɓen ne ma ya fi wuya. A yawancin ƙungiyoyi wanda bai biya kuɗinsa ba ba ya zaɓe, rajistar waɗanda suka biya kuwa a hannunta take. Sai ki ga babban mutum, sa'an ubanta, ya tsaya a kanta yana cewa, "'Yata, ki saka sunan wane, gobe zai biya." In ta saka ta ci amana, in ta ƙi kuma ya yi nasara, ƙarƙashinsa za ta zauna. Ni dai a ganina wadda ta ƙi ita ce take daɗewa a kujerarta, domin shi ma in ya hau, mai amana zai nema. Makon babban taron shekara kuwa, kar maigida ya yi fushi in ta kai isha'i ba ta dawo ba, gara a yi wannan maganar tun kafin ta karɓi aikin.

Akwai daɗinsa fa. Yarinya takan san manyan masu ilimi, ta koyi rubuta wasiƙa da tsara taro, wasu ma daga nan suke samun ƙwarin guiwar komawa karatu. A FIDA, alal misali, lauyoyi suna tsaya wa mata da yara marasa hali kyauta. Matar da aka hana gado ko aka raba da 'ya'yanta, kafin ta ga lauya, ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa take fara gani, ita take ba ta kujera da ruwa. Wannan aikin lada ne. Amma don Allah Hajiya, in 'yarki ta dawo gida kar ki tsare ta da "Yau wa ya zo, me ya kawo ta?" Sirrin mutane ne aka ba ta, in ya fita ta bakin zaure ya shiga unguwa, ita za a kora.

To, me za ki ce ta tambaya kafin ta fara? Takardar ɗaukar aiki. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce cikin wata 3 da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce: albashi nawa, awa nawa, hutu nawa. Dokar ta ba mai ciki hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 tana aikin. Mafi ƙarancin albashi kuma da aka mayar naira 70,000 a 2024, bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ofisoshin ƙungiyoyi da yawa kuwa ba su kai hakan ba. Saboda haka kar ta yarda da "ai mun zama ɗaya, za mu duba miki". A rubuta adadin, shugaba da sakatare su sa hannu, ta kawo miki kwafi ki adana a ƙasan akwati, don shugaban da ya yi alkawari da baki wata rana zai sauka.