Jawabi Ga Hakimai Da Magatakardan Ƙasar Yawuri: Awon Amfanin Kamfani Ga Talakawa

Kowane kamfani yakan ƙidaya ribarsa a ƙarshen shekara. Amma akwai wani lissafi na biyu, watau abin da aikinsa ya jawo wa mutanen wurin, alheri ko hasara.

Ga misali Kainji. Da aka gama dam a 1968, ruwa ya tashi mutum wajen 44,000. An ƙidaya gidajen da aka gina musu, gama gida abu ne da ido ke gani. Fadamun albasar Gungawa kuwa, da tsibirin Foge da ruwa ya cinye, awonsu ya fi wuya.

Tun 2013 kamfanin Mainstream ke riƙe da tashar lantarkin, ga kuma hukumar HYPPADEC. Idan suka ba da labarin rijiya ko makaranta a Ngaski ko Shanga, lalle hakimi ya aika magatakarda ya gani da idonsa. Rijiyar tana ba da ruwa da rani? Yara nawa ke ajin? A tambayi masunta da mata dabam, kada a tsaya ga bakin mai gari kaɗai. A rubuta ranar, a ajiye kofe a ofishin gunduma.